Gorar Baba Mumuni

Ba saya ya yi ba.
Kuɗin ta kanti ya haura hayar ɗakinmu a Aboabo,
sai ya ce in aro ta makaranta, kwana ɗaya tak.
Ya kwantar da ita kan kwalin sabulu,
ya zaro fensiri daga bayan kunne, ya bi gefenta,
da ya iso lanƙwasar sai ya tsaya, ya daɗe,
ya ce, "Barikisu, nan duk rigimar take."

Ya tafi Sokoban, ya dawo da katako huɗu.
Ana cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
shi kuwa busasshe ya samu.
Ya roƙi tukunyar kokon Inna Fulera bayan ta tashi kasuwa,
ya rufa buhu, ya bar tururi ya yi lallashi.
Na fari ya ce ƙas.
Na biyu ma ƙas, har da tsartuwa a babban yatsa.
Na uku ya rusuna da dare,
gari na wayewa ya miƙe, kamar mai cin bashi.
Na huɗu ya ɗaure shi da roba a jikin tsohon wilin mota,
kwana tara ba wanda ya isa ya taɓa,
har ya yarda.

Kanta ya fito kamar lauje, amma ba kaifi,
fuska ɗaya shafaffiya, ƙeya kuma dunƙule.
A hoki da fuska ake duka, ƙeya laifi ce.
In za ki hagu sai ki murza wuyan hannu,
hancin ya kifa kamar kaza ta ga tsaba,
ƙwallo ta shiga lungun ta lafe.
Wata bakwai ina jan ta a jar ƙasa bayan makaranta,
ta san hannuna, na san inda take gardama.

Sai gasar Ankara.
Motar dare, burodi da kifin gwangwani, ba barci.
Wata mata mai rawayar riga ta jera gorunanmu kan tebur,
tana zura ɗan ƙarfe ta ƙarƙashin kowace.
Ƙarƙashin tawa ya wuce salin alin,
har da sauran wuri.
Ta ce doron ya zarce ƙa'ida.
Da nawa? Bai fi kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba.
Na buga da ta aro, ta Afrakoma,
miƙaƙƙiya, mai santsi, ba ta san ni ba.
Aka ci mu biyu da ɗaya.

Da na dawo yana bakin zaure yana fiƙe zarto.
"Yaya ta yi?"
Na ce ta yi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Yanzu ya juya ta, kai sama,
lanƙwasar ta zauna daidai cikin tafinsa,
da ita yake tsallake kwata zuwa masallacin asuba.
Inda ƙwallo ba ta gama gogewa ba
gumin hannu ya goge, har yana ƙyalli.

Jiya ina yanke masa farce ya ce,
"An ce ta cika doro, ko?
Uwar Afrakoma ta faɗa min tun a makon."
Reza ta tsaya a hannuna.
Ya ce, "Da ido na auna. Ido ba mudu ba ne."
Ya shafa wurin da babban yatsa, mai tabon nan,
ya ce, "Da na rage shinkafa biyun,
da yanzu tana ci min hannu.
Ƙarasa, saura ƙaramin."